Wa ake nufi da "her"? Tambayar Turanci ɗaya da ta sa aka sake lissafa makin ɗalibai kusan rabin miliyan

Mai karatu, bari in fara da gwada ka. Ga farkon wata jimla da ta fito a jarrabawar PSAT ta watan Oktoban 2002 a Amurka: "Toni Morrison's genius enables her to create novels…" Ma'anarta: hazaƙar Toni Morrison ce ke ba ta damar rubuta littattafai iri kaza. An ja layi a ƙarƙashin wasu sassa huɗu na jimlar, aka ce ɗalibi ya nuna inda kuskure yake, in kuma babu ya zaɓi "babu kuskure". Kai me ka gani?

In ka ce lafiya lau take, to bakinku ɗaya da waɗanda suka tsara jarrabawar. Sai dai wani malamin sakandare a jihar Maryland ya ce atafau akwai kuskure. Hujjarsa ita ce wakilin sunan "her" ba shi da sunan da yake komawa gare shi. Wai "Toni Morrison's", da yake tana ɗauke da alamar mallaka, ta tashi daga suna ta koma sifa, wakilin suna kuwa ba ya wakiltar sifa. Ya yi ta aika wasiƙu watanni. A 2003 hukumar College Board ta sakar masa, ta cire tambayar daga lissafi, makin ɗalibai kusan rabin miliyan ya ƙaru. Ba ƙaramin abu ba ne, don da makin PSAT ake tace masu neman tallafin karatu na National Merit.

Ni a ganina hukumar ta yi kuskure da ta janye, kuma kuskuren ya tona wata matsala da ke cikin irin waɗannan tambayoyi gaba ɗaya.

Duba hujjar malamin da kyau. Shin da gaske suna mai alamar mallaka sifa ne? Sifa ta Turanci tana karɓar "very", kana iya cewa "very tall". Gwada cewa "very Toni Morrison's" ka ji yadda kunnenka zai ƙi. Sifa tana bayyana hali ne, ba ta nuna wani mutum takamaimai. Wannan kuwa tana nuna mace guda, marubuciyar da ta ci kyautar Nobel a 1993. Suna ne da ya sa rigar mallaka, shi ke nan. Wani abin dariya ma, masu wannan doka sun yarda ka ce "Morrison's genius shows in her novels", wai don a nan "her" ɗin ma na mallaka ne. To in sifa ba ta da wakili, ta yaya ta samu a nan?

Masanin harshe Arnold Zwicky na Jami'ar Stanford ya bi diddigin dokar bayan wannan rikici. Ba tsohuwa ba ce. A ƙarni na 20 ta shiga littattafan koyar da rubutu, ciki har da na Wilson Follett na 1966, alhali ƙwararrun marubutan Turanci sun daɗe suna gina jimla haka ba wanda ya ɗaga musu gira. Kai ma da Hausa kullum kana yi. "Hazaƙar Binta ta ba ta damar cin gasa." Akwai "ta" biyu a jere, ta farko ta hazaƙa, ta biyu ta Binta, duk da Binta tana cikin ginin mallaka. Ka taɓa jin Bahaushen da ya rikice?

Kada ka ɗauka ina cewa babu doka ne sam. Akwai dokoki na gaske, kuma masu tsauri. A "Musa saw him", "him" ba zai taɓa zama Musa ba. Sai ka ce "himself". Haka yake a Hausa: "Musa ya gan shi" daban, "Musa ya ga kansa" daban. Noam Chomsky ya yi dogon bayani a kan wannan a 1981, a abin da ake kira ka'idar ɗauri. Amma ka lura, ba malamin da ya taɓa tsayawa da bulala don ya koya maka ita a harshenka. Doka ta gaske a nahawu haka take, masu harshen suna bin ta ba tare da sun san sunanta ba. Wadda sai an yi ta haddacewa, kuma manyan marubuta na karya ta kullum, a tuhume ta.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Littattafan shirin jarrabawa suna da wata doka ta biyu: idan sunaye biyu suka gabaci wakilin suna, kuma duk zai iya dacewa da su, to jimlar tana da harshen damo, kuskure ce. Wani lokaci gaskiya ne. "Musa told Audu that he had failed": wa ya faɗi? Allah masani. A nan mai jarrabawa yana da hujja, kuma ya kamata ɗalibi ya koyi gyara irin wannan.

Amma ga wata: "The hyena did not catch the goat because it was too fast." Wa ke da gudu? Akuya mana. Canza kalma ɗaya, ka sa "slow" a madadin "fast". Nan take "it" ya koma kura. Tsarin jimlar bai motsa ba ko kaɗan, sunayen suna inda suke, amma wakilin sunan ya sauya uban gida. Da Hausa ma haka: "Kura ba ta kama akuya ba saboda tana da gudu", sannan "saboda ba ta da gudu". Su biyun mata ne a nahawu, jinsi bai taimake ka ba. Abin da ya taimake ka shi ne ka san yadda farauta take. Terry Winograd ya nuna wannan a 1972, kuma a 2011 Hector Levesque ya mai da irin waɗannan tagwayen jimloli gwajin auna fahimtar kwamfuta, don ba a warware su da ƙirga kalmomi, sai da sanin duniya. Ka ga ke nan dokar littafin za ta yanke wa jimlar kura hukuncin kuskure, alhali yaro ɗan shekara bakwai ya gane ta.

Laifin da nake ɗora wa irin wannan tambaya ke nan. Tana ciro jimla guda, ta raba ta da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta, sannan ta tambaye ka wa ake nufi. A magana ta gaske amsar tana cikin mahallin da aka yanke ɗin. Dalilin da ya sa masu jarrabawa ke son haka a fili yake: suna buƙatar amsa ɗaya tak da na'ura za ta iya dubawa, doka mai kaifi kuwa ta fi sauƙin karewa a kan "ya danganta". Sauƙin na mai duba takarda ne, ɗalibi shi ke biyan kuɗin. Daga 2016 jarrabawar SAT ta daina wannan salon na farautar kuskure a jimla tilo, ta koma gwada nahawu a cikin sakin layi. Gyara ne mai kyau, ko da ya zo a makare.

Saura ɗaya da za ka ci karo da ita in kana shirin WAEC ko JAMB ko TOEFL: "Everyone should bring ___ book." Tsofaffin littattafai za su ce "his". Mai nahawu Ann Fisher ta rubuta wannan shawara a 1745, kuma a 1850 majalisar Birtaniya ta sa a doka cewa lafazin namiji a dokokinta ya haɗa da mace. Amma Turawa suna cewa "their" a nan tun ƙarni na 14, kuma a 2019 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓi "they" a matsayin kalmar shekara. Mu Hausawa mun ci sa'a a nan, tunda "kowa ya kawo littafinsa" muke cewa, sai harshenmu ya tura mu ga amsar da tsohon littafi ke so.

To a ɗakin jarrabawa fa? Duba zaɓin da aka ba ka. In akwai "his or her", ita ce mafi aminci. In "his" da "their" kaɗai ke gabanka, kuma littafin da aka tsara manhajar a kansa na tsohon yayi ne, ɗauki "his" ka karɓi makinka. In ka fito kana rubuta wa abokin aiki saƙo, sa "their" abinka.