Kakin zuma muke nema, ba kyandir ba

Jama'a, yaushe kyandir ya zama kakin zuma a Maiduguri? Ka shiga Monday Market ka ce a ba ka kaki, sai a miƙo maka wani curi mai santsi da ƙyalli, an zuba masa kala rawaya, har da rantsuwa wai daga daji aka kawo shi. Ka shinshina, ko alamar ƙanshin zuma babu.

Duk wanda ya taɓa riƙe harbi-ka-ruga ya san abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Albarushi yana barin toka a bututun bindiga, tokar ta ja danshi, tsatsa ta biyo baya. Kakin da aka narka da kitsen rago shi ke sa ta yi laushi, ka zura tsumma ta fita. Kitse kaɗai ba zai yi ba, domin a zafinmu na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, dalala yake yi, shi kuwa kaki sai ya wuce digiri 60 yake narkewa, shi ke riƙe haɗin. Kyandir fa daga ɗanyen man fetur ake samo shi. In ya haɗu da tokar albarushi sai ta daskare kamar kwalta, ka yini kana kankara.

Su kuma samarinmu sun sami tasu hanyar: baƙin mai daga wajen bakanike. Haba ƙannena, bindigar kakanku ce ko babur? Wannan fa ita ake bugawa a ƙofar fadar Shehu ranar hawan Sallah, irinta mafarautan Borno suka saɓa suka shiga daji lokacin da gari ya ƙi daɗi. Ta fi ƙarfin baƙin mai.

Na sani, rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya raba masu amya da yawa da daji, masu haɗa man shafawa kuma suna kwashe ɗan abin da ya samu. Kakin ya yi tsada, na yarda. To a faɗa mana gaskiya mana! Mai kyandir ya ce kyandir yake sayarwa, mai so ya saya.

Ni dai yanzu zuma nake saya da saƙarta. In na tace, sai in narka saƙar a ruwan zafi, in bar ta ta huce, kakin ya taso sama in kwashe abina.