Babbar kasuwar Maraɗi, wurin da ya kamata kowane yaro ya sani

Duk uban da yake zaune a Maraɗi bai taɓa riƙo hannun yaransa ya shiga da su babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ba, wallahi yana tauye musu haƙƙi. Ni kam ba na gajiya da yabon wannan kasuwa. Kullum tana ci, amma waɗannan ranaku biyu su ne nata, ranar da amalanke da kabu-kabu da motocin ƙauye suke juye mata duk abin da ƙasar Katsina da ta Gobir suka noma. Na kai nawa yaran a lokacin hunturu, bayan an gama kaka, kuma lokacin nake ba kowa shawara, don a sannan ne kasuwar take cika ta batse.

Wurin masu fara ne ya sace zuciyar yaran, ni ma tawa. Ga ta nan tuli a manyan kwanoni da buhuna, ja-ja-wur, ƙamshinta yana tarar mutum tun daga nesa. Da asuba ake kama ta, lokacin da sanyi ya hana ta tashi, a dafa da gishiri, a shanya, sannan a soya a barbaɗe da yaji. Ƙaramar 'yata ta tsaya tana leƙen kwanon, ta ƙi matsowa. Tsohuwar mai farar ta dube ta ta yi dariya ta ce, "Kishiyata, tsoron fara kike ji? Zo nan." Ta zaɓo wata mai ƙwai, ta cire mata ƙafafu da fukafukai, ta miƙa. Yarinya ta rufe ido ta tauna, ƙurus-ƙurus, sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, a ƙaro!" Tsohuwa ta auna mana, ta kuma ɗora gyara har tana zuba. Kai, wannan fara ta yi! Gishiri daidai, yaji daidai, ba ta sha mai ba, ba ta ƙone ba. Ba banza ba 'yan kasuwa suke lodinta su bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya su kai ta Katsina da Kano.

Daga nan sai aya. Yankin Maraɗi ne gidan aya a Nijar, musamman wajen Cadawa da Agye da Gazawa, kuma ayar nan tana kaiwa har Sifen, inda su ma suke yin kununta. Da na gaya wa babban yaron haka, sai ya riƙe ƙwara ɗaya yana juya ta kamar bai taɓa ganinta ba. Akwai ɗanya, akwai busasshiya, akwai soyayyiya da sukari mai ɗanƙo. Kusa da ita ga ƙuli-ƙuli da dakuwa da kantun riɗi, don garin nan tun zamanin Turawa da gyaɗa ya yi suna. Ga kuma kayan daji da yaran birni suka fara mantawa, magarya da goruba da aduwa da ɗinya, kowanne da tsohuwar da ta san daga inda aka tsinko shi. Da dala ashirin yaro zai cika aljihu.

Kilishi kuwa ba sai na ɓata baki ba. Mun sayi na jika ɗaya, bai kai ƙofar fita ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kasuwar take sa yaro tambaya. Da suka ga tarin zogale, ɗanye shar da busasshe, suka ce daga ina? Na ce daga Jiratawa, kudu da gari, a bakin Gulbin Maraɗi. Suka dage sai sun gani, aka sa rana muka je. Jama'a, ku je Jiratawa! Fadama ce shimfiɗe, ruwa yana bin ƙananan hanyoyinsa cikin rani, ga tumatir ga albasa ga tattasai ga kabeji. Zogalen ma ba a barinsa ya yi tsawo, sai a riƙa yanke shi yana sake tohowa, mata suna zaune a inuwa suna tsige ganyen. Wani manomi ya ce wa yarona, "Ɗana, riƙe nan," ya ba shi reshe ya nuna masa yadda ake zuge ganyen da yatsu. Da dare aka yi mana kwaɗon wannan zogale da ƙuli-ƙulin kasuwa da albasa, yaron da a da sai an lallashe shi kafin ya taɓa ganye shi ya suɗe kwanon.

A can kuma na nuna musu gulbin da ya yi ambaliya a 1945 ya ci tsohon gari, abin da ya sa Maraɗi ta hau tudu inda take yau. In da sauran lokaci, a ƙarasa Tibiri, ba nisa, yara su ga ƙofar fadar Sarkin Gobir a garin da Sarki Mayaƙi ya kafa a 1836, a sha fura da nono a juyo. Gobirawa sun iya dama fura, wannan ko Bakatsine ba zai musa ba.

In za a je kasuwar, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a riƙe hannun ƙanana sosai saboda cunkoso da masu tura kaya, a tafi da ruwan sha. A kuma ba kowane yaro 'yan canjinsa a hannu, ya gaida mai kaya da kansa, ya yi ciniki, ya roƙi gyara.