Kacici-kacici Tsakanin Dandali da Ɗakin Karatu

Abu biyu ne ke amsa sunan kacici-kacici a ƙasar Gaya da Ajingi a yau, kuma ba jininsu ɗaya ba. Na farko shi ne wanda yara ke yi da dare bayan an ci tuwo, musamman lokacin kaka da farin wata. Na biyu shi ne gasar da makarantu ke shiryawa, inda ake jera ɗalibai a kan benci, malami ya riƙe takarda, wani kuma ya riƙe agogo. Na biyun aron suna ya yi a wurin na farko, ya bar hikimar a can.

A dubi yadda aka gina na gargajiya. Idan aka ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", amsar tana jingine a bayan ƙofa: tsintsiya ce. Idan aka ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", wuta ce da hayaƙi. Mai tambaya bai ɓoye komai ba, ya dai sauya wa abin riga, ya mai da kayan shara garken Fulani, ya mai da murhu dattijo. Aikin mai amsa shi ne ya tuɓe rigar. Yaron da bai taɓa shiga aji ba yana iya kayar da ɗan sakandare, domin abin da ake aunawa shi ne ido da lura.

Sai kuma al'adar ba da gari, wadda a ganina ita ce gishirin wasan. Wanda ya gaza ba a yi masa ihu a wuce. Sai ya ce "na ba ka gari". Mai tambaya yana da ikon ƙin karɓa idan garin bai yi masa ba. Yaron Ajingi zai miƙa Wudil a ƙi, ya miƙa Gaya a yi jinkiri, sai ya kai ga Kano ko Makka kafin a buɗe masa amsa. Cikin raha ya biya kuɗin jahilcinsa, ya kuma koyi martabar garuruwa ba tare da taswira ba.

Gasar makaranta fa? A wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Kano? 1967. Ƙananan hukumominta nawa ne? 44. Yaushe aka cire Jigawa daga cikinta? 1991. Sanin waɗannan yana da amfani, ba musu. Amma wanda bai haddace ba, ko zai kwana yana tunani ba zai kai ga amsar ba, domin babu wata ƙofa a jikin tambayar da hankali zai bi ya shiga. Mafi muni, malami kaɗai ke da ikon tambaya. A dandali kuwa kowa mai tambaya ne, kowa mai amsa.

Adalci ya sa a faɗi cewa na gargajiyar ma ya kamu da irin wannan cuta. Wane yaro ne zai tsaya tunani idan an ce "Ƙulun ƙulufit"? Kafin a rufe baki ya ce gauta, ba don ya hango komai ba, sai don ya ji yayyensa na faɗa. Kacici-kacicin da kowa ya san amsarsa ya zama hadda shi ma. Turawa sun kauce wa wannan rami: tun da Arthur Wynne ya buga wasan cike gurbin kalmomi a wata jaridar birnin Niyok a 1913, ƙarfin wasan yana ga sabuwar tambaya kowace fitowa, har tsara ta ya zama sana'a.

Saboda haka gyaran yana wajen masu tsarawa. Tarihin Kano ya danganta asalin birnin da maƙeran da suka taso daga Gaya, kuma maƙeri ba ya rayuwa da tsohuwar fartanya kaɗai. Malamin Hausa a Gaya ko Ajingi zai iya ware zagaye guda a gasa, ya ce kowace makaranta ta ƙera nata kacici-kacicin ta jefa wa abokiyar karawarta. Kayan aiki ga su birjik: wayar hannu, bawan da ba ya cin tuwo sai wuta, A Daidaita Sahu, dokin da ke da ƙafa uku, injin niƙa, famfon tuƙa-tuƙa, buhun taki. A ba da maki ga wanda ya warware, a ninka shi ga wanda ya ɗaure abokan hamayya har suka ba shi gari.