A Gwada Ƙugiya Kafin a Yabi Kyau

Yanzu yayi ne ga masu zanen fosta da katin biki su tara salon haruffa dubbai a kwamfuta, su zuba su cikin FontBase ko NexusFont, su kasa su gida-gida: na ɗaurin aure daban, na siyasa daban. Ban ƙi ba. Manhajojin na da amfani, domin suna barin mutum ya kunna salon da yake so kawai, CorelDraw ba ya nauyi. Amma akasarin abin da ake tarawa bai iya rubuta Hausa ba, kuma ba kowa ke dubawa ba.

Tun shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya ɓ, ɗ da ƙ suka zauna a bokonmu, ƴ kuma ita ce ƙa'ida a Nijar. Sai dai a tsarin Unicode ba unguwarsu ɗaya ba. Ƙ babba da ƙarama, da Ɓ da Ɗ manya, suna rukuni guda, ƙananan ɓ da ɗ kuwa an ajiye su can cikin alamomin masana furuci. Shi ya sa za ka ga salo ya kawo wasu ya bar wasu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwamfuta ba ta faɗa maka. Shiru za ta yi ta aro harafin daga wani salon, sai takarda ta fito ka ga ɗ ta rame a tsakiyar kalma mai kauri, kamar baƙo a gidan biki. Daga nan mai zane ya yi fushi ya cire ƙugiyar gaba ɗaya.

Gwajin kuwa bai kai minti biyu ba. Ka jefa fayil ɗin salon a shafin Wakamai Fondue, zai nuna maka duk harafin da ke ciki. Hyperglot, na kamfanin Rosetta, yana lissafa harsunan da salon ya wadatar. Ko Character Map da ke cikin Windows tun fil'azal ya isa. Shi kansa FontBase yana karɓar jimlar gwaji, to me zai hana ta zama mai ƙugiya, manya da ƙanana?

Kuma ba a rasa salo na kirki ba, kyauta ma. Akwai Charis da Andika na SIL, akwai Noto na Google. Mai Ajami yana da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, da Harmattan. Gaskiya ba su da ƙyalƙyalin da masu fosta ke so, a nan kam akwai gibi, kuma masu zanen haruffa daga cikinmu ne ya kamata su cike shi.