File History: rumbun da ke mayar maka da aikin jiya

Wata safiya a tsakiyar hunturu wani malamin lakwal ya iso shagona na buga takardu a Buza. Daga Babankatami ya taso bisa babur, ƙura har a gira. Jerin makin ɗalibansa na jarrabawar farko yake nema, wanda muka buga masa wata biyu da suka wuce. Na buɗe fayil ɗin, sai na ga yaron shagona ya zuba makin jarrabawa ta biyu a kan na farko, ya adana. Takardar hannun kuwa tuni ta salwanta. Na ce, "Mushe, zauna ka sha ruwa, ba ni minti biyar." Abin da ya ba ni ƙarfin faɗin haka shi ne File History, wanda kwamfutocinmu masu Faransanci ke kira Historique des fichiers.

Microsoft ta shigo da shi cikin Windows 8 a 2012, yana nan kuma cikin Windows 10 da 11, ba a biyan ko dala. Aikinsa kamar na mai rumbu ne. Ka haɗa masa faifan ajiya na waje, ka kunna shi, shi ke nan. Duk awa ɗaya zai leƙa takardunka da hotunanka da abin da ke kan fuskar allo, ya kwafi wanda ya sauya kawai. Kana iya matso da lokacin zuwa minti 10, ko ka bar shi sau ɗaya a yini. Ba ya neman intanet, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke aiki tsakanin Madawa da Buza da Keita, inda layi ke zuwa yana tafiya, kuɗin data kuma ke cin ribar yini.

Ajiya kowa na iya yi. Inda na fi jinjina masa shi ne wajen mayarwa. Tagar da yake buɗewa ba ta da hayaniya: kwanan wata da sa'a a sama, kibiya biyu a ƙasa, da koren maɓalli zagayayye a tsakaninsu. Kowace danna kibiyar hagu mataki ce zuwa baya. Na yi ta ja, Janairu ya wuce, Disamba ya wuce, har na iso yammacin da muka buga makin farko. Malamin ya miƙe ya tsaya bayana yana bin allon da ido.

A nan ne ake yin ɓarna, a nan ne kuma gwanintar manhajar take. Idan ka danna koren maɓallin kai tsaye, tsohon fayil zai koma gurbinsa na asali, inda sabon yake zaune. Manhajar za ta tsaya ta tambaye ka: a maye gurbin, a tsallake, ko a gwada su biyun? Amma akwai ƙofa ta huɗu da na fi so. Danna maɓallin da ɓangaren dama na linzami, sai ya ba ka damar zaɓar inda za a sauke. Na buɗe sabon dosiye, na sauke makin farko a ciki, na buɗe shi na tabbatar, na biyun kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Malamin ya karanta sunayen yara uku da makinsu, ya ce, "Su ne, Alhamdu lillahi."

Akwai wani kyawun da sai wanda ya daɗe da shi ke lura. Ba ya dunƙule ajiyarka cikin wani ƙunshi da shi kaɗai ya san kwance shi. Shiga faifan da kanka, za ka tarar da fayilolinka yadda suke, an dai liƙa wa kowane suna kwanan wata da sa'a. Ko kwamfutar ta mutu saboda zafin Afrilu ko ɗaukewar kuran, ka kai faifan wata na'ura ka kwashi kayanka. Sa'ar da ke jikin sunayen tana bin agogon duniya na UTC, don haka a Nijar sai ka ƙara awa ɗaya. Na daɗe ina mamakin wannan kafin in gane.

Duk da son da nake masa, ina da ƙorafi. Zaɓin maye gurbi shi ne na sama a jerin, inda hannun mai gaggawa ke fara sauka, fayil ɗin da aka danne kuma ba ya zuwa kwandon shara. Da ni aka tambaya, da saukewa a gefe shi ne zai zo farko. File History ba ya zuwa a kunne, sai ka nemo shi, a Windows 11 ma an tura shi can cikin tsohon rukunin saituna, yayin da ake nuna wa mutum ajiyar intanet ta OneDrive a gaba. Time Machine na Apple, tun 2007, shi ke tambayarka ko a yi ajiya da zarar ka haɗa sabon faifai, abin da na so a koya. File History kuma ba ya kulle ajiyar da kalmar sirri, don haka sauƙin da na yaba ɗazu sauƙi ne ga duk wanda ya tsinci faifan. Dosiyen da ka ajiye a wajen wuraren da ya saba dubawa kuwa, ba ruwansa da shi sai ka shigar masa.

Sannan faifan da ke haɗe kullum yana cikin haɗari ɗaya da kwamfutar, musamman a shago irin nawa da kile-kilen mutane ke shiga suna fita da ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli. Shi ya sa duk Juma'a nake kwafe ajiyar zuwa faifai na biyu, in naɗe shi cikin tsumma saboda ƙura, in tafi da shi gida. Farkon kowane wata kuma nakan zaɓi fayil ɗaya in mayar da shi cikin dosiyen gwaji, in buɗe in karanta. Yanzu yaron shagon ne ke yin gwajin, ni ina zaune gefensa.