Malam, Fita Ka Bar Musu Ɗakin

A makarantun kiɗa na Turai da Amurka an daɗe ana renon mai biyolin shi kaɗai. Yaro da malaminsa a ɗaki, sai kuma yaro da bango a gida, yana gurzar tsirkiya har maƙwabta su haddace darasin. In ya yi sa'a, ranar Asabar a zaunar da shi cikin okestirar yara, mutum 50 ko 60, wani babba na tsaye da 'yar sanda yana nuna musu inda za su shiga da inda za su tsaya. A hankali abin ya sauya, har ya zama yayi. Tun yaro na ɗan shekara 10 ko 11 ake haɗa shi da wasu uku, biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya, a ce sun zama kwatet, a naɗa musu mai horarwa. A Ingila akwai Pro Corda, da aka kafa a 1969, wadda ta daɗe tana tara yara a Leiston da ke Suffolk don irin wannan kiɗa. A Amurka gasar Fischoff, wadda aka fara a 1973 a South Bend ta jihar Indiyana, ta ware rukuni ga 'yan shekara 18 zuwa ƙasa. Ina murna da wannan yayi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu horarwa da yawa sun shigo ɗakin da sandar okestira ɓoye a aljihu.

Ga wanda bai saba ba, biyolin ɗan'uwan goge ne mai tsirkiya huɗu. Biyola ta ɗan fi shi jiki da kaurin murya, celo kuwa sai an zauna an rungume shi tsakanin gwiwoyi. A kwatet babu mai sanda, kuma kowa da layinsa shi kaɗai. A okestira yara 12 kan kaɗa layi guda, rago ya lafe a cikinsu yana motsa hannu, ba mai ganewa. Nan kuwa in ka yi ɓatan kai ba mai rufa maka asiri. Kada kuma a ɗauka zabiya ce da 'yan amshinta uku. Tun 1772 Joseph Haydn ya rushe wannan tsari: a cikin kwatet shida da ya rubuta a shekarar akwai wanda celo ne ke buɗe shi da waƙa, biyola na riƙe da ƙasa, mai biyolin na ɗaya yana zaune shiru yana jiran a zo kansa. Kiɗa ne da aka ɗinka domin mutum huɗu masu ra'ayi, kowa ya iya ja, kowa ya iya saki.

Na taɓa zama a bayan ɗaki a wani kwas na hutun bazara, ina kallon ana horar da wasu yara huɗu. Malamin gwani ne, ba shakka. Amma ba sa yin gaɓa biyu bai ɗaga hannu ba. "Ke, tura bakan a nan, kada ki jawo. Kai, rage murya. Ku duka ku ja numfashi kafin wannan." Sai ka ji ƙarar fensir huɗu a kan takarda. Har aka tashi, ban ji wata kalma daga bakin yaran ba sai "to". Abin da ya fi tsaya mini a rai idanunsu ne: duk sanda suka kai ƙarshen jimla, su huɗun malamin suke kallo, ba mai duban ɗan'uwansa. Ranar wasa sun yi tsaf, har inda mai celo ya shigo da wuri da gaɓa ɗaya. Sauran ukun suka ci gaba da karanta takardunsu. Sun yi nisa kowa na bin hanyarsa kafin su farga, domin ba a taɓa barin kunnensu ya yi aikin da bakin malam ke yi musu ba.

Kuma aikin kunnen nan ba a baki yake shiga ba. Ɗauki daidaita murya. In sauti uku suka haɗu suka ba da amo mai haske, na tsakiyar sai an sassauto shi kaɗan daga inda fiyano ke ajiye shi, kusan kashi 14 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta. Biyolin ba shi da alama a wuya, ɗan mirgina yatsa ne kawai. In ba a dace ba, za ka ji amon yana rawa, yana wani ɓal-ɓal a iska. Da yatsa ya faɗa daidai, rawar ta tsaya cak, ɗakin ya cika. Malam zai iya cewa "sauko kaɗan" sau ɗari, yarinya ta sauko sau ɗari, gobe ta koma inda take. Amma a bar ta da mai celo su riƙe sautin, tana mirgina yatsa gaba da baya har ta ji rawar ta mutu da kunnenta, to ta samu ke nan har abada. Haka shiga tare. Ba a ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wanda zai jagoranci jimlar ne ke shaƙar numfashi ya ɗan ɗaga kafaɗa, saura su karanci saurin kiɗan daga tsawon numfashin nasa. Yaron da ya saba jiran hannun malam ba zai taɓa lura da kafaɗar abokinsa ba.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Uwa ta biya kuɗin awa guda, ta leƙo ta taga ta ga malam ya harɗe hannu yara na gardama, ai cewa za ta yi an ci kuɗinta a banza. Ga kuma gasa a gaba, da bidiyon da za a aika kafin a rufe karɓa. Hanya mafi sauri ita ce malam ya yanke komai, yara su kwafa. Wasu ma ba sa jiran malam, YouTube suke buɗewa su ɗauko salon wata shahararriyar ƙungiya ɗungurungum, har da inda ake girgiza kai. Gasar ce kuma ke zaɓa musu abin kaɗawa. Shi ya sa za ka ga 'yan shekara 14 sun rungumi kwatet na 8 na Shostakovich, wanda ya rubuta a 1960 kusa da Dresden ya sadaukar ga waɗanda mulkin fasisanci da yaƙi suka hallaka. Kiɗa ne mai ƙuna, mai tsawa, yana tada tsikar jikin 'yan kallo, kuma tsawar na ɓoye aibu da yawa. Ka ba yaran nan sassauƙan shafi na Haydn, inda komai ke fili, nan za ka san ko suna jin juna.

Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in aka bar yara su kaɗai, rabin lokacin hira ce, sauran rabin mai bakin cikinsu ya mulki saura. Gaskiya ne, na ga hakan ma. To ai nan ne aikin mai horarwa yake. Ya koya musu yadda ake atisaye: yadda za ka ce wa abokiyarka tana sauri ba tare da ta kumbura ba, yadda za ta ji ta gane gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya kafa musu doka cewa duk shawarar da wani ya kawo sai an kaɗa ta da zuciya ɗaya kafin a ƙi ta. Ya ɗora wa kowa babbar takardar da ke nuna layukan huɗun a jere, domin mai biyola ta ga cewa shirun da take ƙirgawa amsar wata tambaya ce da celo ya yi. In sun tsaya, maimakon ya faɗi abin da ya lalace, ya tambayi wanda ya fi kowa shiru me ya ji.

Ya kuma daina manne yaro guda a kujerar farko. Al'adar ba wanda ya fi saurin yatsa biyolin na ɗaya, a tura mai rauni na biyu, tana ɓata su duka: wancan ya tashi bai iya rakiya ba, wannan ya tashi bai iya ja ba. Kwatet ɗin Emerson, da aka kafa a 1976 ya yi ban kwana a 2023, masu biyolin ɗinsa Eugene Drucker da Philip Setzer musayar kujera suka riƙa yi duk tsawon shekarun. In manya irin waɗannan ba su ga faɗuwa a kujera ta biyu ba, ban ga dalilin da za a koya wa ɗan shekara 12 ganin haka ba.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na makarantar kiɗa ta Marlboro a jihar Vermont, wadda Adolf Busch da Rudolf Serkin da abokansu suka assasa a 1951. Can dattijon makaɗi ba ya tsayawa a gefe yana gyara. Kujera yake ja ya zauna cikin matasa da kayan kiɗansa, ya kaɗa layi ɗaya kamar kowa, a musa masa ya musa. Ƙungiya kan shafe makonni tana tuƙa kiɗa guda ba tare da alkawarin za ta hau dandamali ba. A nan aka ƙulla kwatet ɗin Guarneri a 1964, mutum huɗun farko kuma ba su rabu ba sai 2001 da mai celo David Soyer ya yi ritaya. Na san Marlboro ta ƙwararrun matasa ce, ba ta 'yan firamare ba. Duk da haka ba abin da zai hana malamin yara ya ɗauki biyola ya zauna a tsakiyarsu, ya ja jimla da hannu maimakon da baki, wani lokaci ma ya yi kuskure da gangan ya ga wa zai ɗago kai.

Da ni ke tsara kwas, a kowace awa sai malam ya fita na minti 20, ya rufo ƙofa, in ya dawo yaran su faɗa masa abin da suka yanke da dalilinsu. Da kuma ni ke shirya gasa, bayan kowace ƙungiya ta kaɗa abin da ta sha wata shida tana gogewa, sai a miƙa mata shafin Haydn da ba ta taɓa gani ba, a ba ta rabin awa, alƙalai na zaune suna kallon yadda za ta shirya shi, malaminta kuma yana waje tare da iyaye. Rabin makin a nan zan sa shi.