A fito da majigin tsakar gida

Masu son kallon fim a gida sun ɗauko wata sana'ar hannu da ta burge ni. Sukan samo gilasai biyu masu siffar bakin gatari, su kafa su a karkace cikin akwati, a gaban idon majigi. Majigin ya miƙe hoton tsaye har mutanen ciki su yi tsawo su rame, gilasan kuma su buɗe shi ta faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Sai hoton 16:9 ya koma kusan 2.37:1, faɗin allon silima, babu baƙin fili sama da ƙasa.

Da irin waɗannan gilasai kamfanin Panavision ya fara kasuwa a 1954. Mai haɗawa a gida kuwa da hannunsa yake koyon halin haske. In ja da shuɗi suka ɓullo a gefen rubutu, ya rage karkatar gilashi. In hoto ya yi inuwa, ya shafe gefunan da baƙin fenti.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya sha wannan wahala, sannan ya kulle ƙofa ya yi kallo shi kaɗai.

Dubi Khartum da Omdurman: a da, yawancin silimunsu ba su da rufi, jama'a na kallo suna shan iskar dare. Bayan juyin mulkin 1989 suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, wanda ya ci kyauta a Berlin a 2019, ya nuna dattawa huɗu masu shirya fim, Ibrahim Shaddad, Suleiman Ibrahim, Manar Al Hilo da Eltayeb Mahdi, suna fafutukar farfaɗo da silimar Al-Thawra ta Omdurman. Izini ya gagara. Amma sun saba ɗaukar majigi a mota su kai ƙauye, su rataya ƙyalle, yara da manya su zauna a ƙasa suna dariyar Charlie Chaplin.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita biranen nan, kuma gina silima zai jira bayan asibiti da makaranta. Kafin nan, majigi da farin bango da batirin sola da gilasai biyu sun isa su tara unguwa guda. Duk wanda ya iya haɗa gilasan, ya koya wa yaran maƙwabta, ya shimfiɗa tabarmi, ya buɗe zaure.